An bar jaki ana dukan taiki: amsata ga wanda ya ɗauke ni hoto ina goge Marsandin Baffa

Rubutun nan yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar Asabar da ta wuce wani bawan Allah ya ɗauke ni hoto ban sani ba. Ina tsaye a ƙofar gidan Baffana, na naɗe hannun riga, ina goge bonet ɗin wata tsohuwar Marsandi. Kafin la'asar hoton ya zaga zaurukan WhatsApp na unguwa, har ya faɗo nan Facebook, an rubuta a ƙarƙashinsa wai ga irin ma'aikatan gwamnatin da muke da su, talaka na neman na koko su suna shafa wa mota mai. Wani ya ce a binciki inda na samu kuɗin sayenta. Wani ya ce ruwan da na zubar ya ishi gida guda kwana biyu. Wata kuma ta ce ai dama haka muke, sai son a gani. Ranar Litinin da na shiga ofis, har masinjanmu sai da ya ce da ni, ranka ya daɗe ashe an yi sabuwar mota ba a faɗa mana ba.

Na yi niyyar yin shiru. Abin da ya hana ni shi ne maganar ta kai kunnen Baffa, dattijo mai shekara 70 da ɗoriya, ya kira ni ya ce in dai motar nan za ta jawo mini zagi a wurin aiki, gara ya sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta. To wannan ne ba zan yarda da shi ba. Don haka ku ba ni aron kunnenku.

Da farko, motar ba tawa ba ce. Ni abin hawana wata ƙaramar mota ce 'yar Kwatano, wadda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ta fi zama a gida fiye da kan titi. Marsandin ta Baffa ce, ƙanin mahaifina. Ya yi wa gwamnati aikin direba shekara 35 cif, ya yi ritaya, ya ciri wani abu daga garatutinsa ya saye ta a hannun magadan wani attajiri da suka rasa yadda za su yi da ita. Samfurin 280 SEL ce, ƙirar 1983, cikin jerin manyan Marsandin da kamfanin ya ƙera daga 1979 zuwa 1991. Tsawonta ya haura mita 5, injinta silinda shida, launinta shuɗi mai duhu. Kuɗin da ya saye ta a lokacin, yau ko babur mai kyau ba zai saya maka ba. Wannan ita ce dukiyar da ake so a bincike ni a kanta.

Dalilin da ya sa ni ne nake wankewa kuwa, kafaɗar Baffa ta daina ɗaguwa sosai, ba ya iya kai hannu tsakiyar rufi. Shi yana zaune a kujera yana ba da umarni, ni ina aiki. Kuma tun da mai hoton bai tsaya ya tambaya ba, bari in gaya muku abin da ake yi a wannan aikin, don a cikinsa ne maganar tawa take.

Ba a fara wanki sai a inuwa, kuma sai jikin motar ya huce. Bayan sallar asuba muke farawa, kafin rana ta ɗago. In ka zuba ruwa a kan ƙarfe mai zafi, ruwan zai bushe ya bar gishirinsa a kan fenti, musamman ruwan burtsatse. Waɗannan fararen ɗige-ɗigen da kuke gani a jikin motoci bayan wanki, daga nan suke. Abu na biyu, ba a taɓa motar da tsumma tana da busasshiyar ƙura. Ƙurar hunturu ba gari ba ce kawai, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, in ka goga ta a bushe kamar ka sa samfefa ne. Duk wanda yake tashi da safe ya karkaɗe motarsa da busasshen tsumma, shi ne yake zana mata waɗannan siraran layukan da ke fitowa in rana ta haska. Sai an fara kwarara ruwa zalla daga sama, ƙurar ta gangara da kanta.

Sannan bokiti biyu. Ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Duk gogawa ɗaya, sai ka ɗauraye soson a bokiti na biyu kafin ka mayar da shi cikin kumfa, don yashin da ya ɗebo ya zauna a can. Daga rufi ake farawa, a sauko gilasai, bonet da but, ƙofofi, sai can ƙasa inda taɓo yake. Tayu da wili suna da nasu soson daban, ba ya hawa jikin mota har abada. In soso ya faɗi ƙasa, ya tashi daga aiki sai an wanke shi tas. Kuma ba a sa omo. Sabulun wankin kaya an yi shi ne don ya ci maiƙo, saboda haka yana cinye man da ke kare fenti, yana busar da robobin ƙofa da na gilas. Akwai sabulun ruwa na mota, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti.

In an ɗauraye, ba a bar ta ta bushe da kanta, sai a tsane ta da tawul mai laushi. Daga nan sai aikin da babu mai ganinsa a hoto. Baffa zai ce, kai, buɗe ƙofofin nan. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwan da ya shiga ta gefen gilas ya fita. In laka ta toshe su, ruwa ya kwanta a ciki, tsatsa ta fara ci daga ciki zuwa waje, kai kana ganin fenti lafiya lau har ran da zai kumbura. Da ɗan tsinke nake bi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Haka magudanar da ke ƙasan gilashin gaba inda ganyen darbejiya ke taruwa, haka cikin kwarin tayu, haka ramin safaya a cikin but. Tsohuwar mota ba injin ne ke fara kashe ta ba yawanci, tsatsa ce.

Sai shafa mai, wanda shi ne laifina a hoton. Masu wankin mota duk folish suke ce masa, amma iri biyu ne. Akwai mai kankara, wanda yake ɗebe siririn saman fentin da rana ta ƙone, don mai kyan ya fito. Wannan ba a yawan sa shi. Fentin motar Baffa irin na dā ne, ba shi da wannan farin rufin mai kama da gilas da ake fesa wa motocin yanzu a sama, shi ya sa in ka goga za ka ga shuɗi ya fito a jikin tsumma. Abin da ya fito ɗin nan fentin ne da kansa, kuma ba ya dawowa. Mai gaggawa da ya ɗauko injin gogewa ya danna, a rana ɗaya zai cinye abin da ya shekara 40 yana jiki, musamman a kan kusurwoyi. Na biyun shi ne kaki, wanda ba ya kankarar komai, rufi yake yi. Mai kyansa daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, ana ce mata karnuba, a arewa maso gabashin Brazil take fitowa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, shi ya sa yake jure ranarmu. Ana shafa shi siriri, ɓangare ɗaya bayan ɗaya, a jira ya yi hazo, a ja yatsa a kai, in ya fita fes to ya yi, sai a goge da tsumma mai tsabta. Wanda ya lafta shi da yawa wahala kawai ya ƙara wa kansa. Ba a bari ya taɓa baƙar roba, don yana barin farin tabo. A mota mai tsawon mita 5, aikin nan awa uku ne zuwa huɗu, kuma kafaɗa tana faɗa maka washegari.

Amfaninsa? Rana, kashin tsuntsu, ɗanƙon bishiya da ruwan sama, duk kakin suke fara samu kafin su kai ga fenti. In ka watsa ruwa ka ga ya dunƙule yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza, kakin yana nan. In ka ga ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi. Mu duk wata uku muke yi, gwangwani ɗaya yana kai mu shekara har ya yi saura. Wato kuɗin da ake kashewa wajen kare fentin motar nan a shekara bai kai abin da wasu masu zagina suke kashewa a data a wata ɗaya ba.

Maganar ruwa kuma, zan amsa ta da gaskiya, don tana da tushe. Ni ma a wurin mai garuwa nake saye, na san yadda ake ji in famfo ya yi wata bai kawo ba. Jarka biyu muke amfani da ita, wato lita 50, sau biyu a wata. Ba mu da tiyo. Ruwan ɗauraya kuma gindin bishiyar ƙofar gida yake tafiya. In wani ya ce ko wannan ma ya yi yawa a unguwar da ake layin ruwa, ba zan ce ƙarya yake ba, addini ma ya hana almubazzaranci. Amma sai in tambaye shi, bututun da ya fashe a bakin titinmu yake malala duk ran da aka saki ruwa, sau nawa ya ɗauke shi hoto? Haka maganar mai. Eh, tana sha, ba ta wasa. Shi ya sa ba ta fita sai Juma'a zuwa masallaci, sai kuma in za a kai amarya a dangi.

To yanzu ga inda nake so mu je. Mai hoton ya ga ma'aikacin gwamnati da mota, sai zuciyarsa ta ce sata. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, don mun ba mutane dalilin zarginmu. Amma ya nuna kyamararsa inda ba nan ba. In yana son ya ga ɓarnar dukiyar talaka, ba sai ya zo ƙofar tsohon direba ba. Ya zo in zaga da shi bayan ma'aikatu.

Shekarata 18 a aikin gwamnati, an yi mini canjin wurin aiki sau huɗu, kuma ban taɓa zama a ma'aikatar da ba ta da maƙabartar motoci a bayanta ba. Ba zan ambaci suna ba, kuma ba sai na ambata ba, kowa ya leƙa ta kusa da shi. Akori-kura, bas, jif, har motar ɗaukar marasa lafiya, suna zaune a kan bulo, ciyawa ta fito ta cikin bonet, awaki na kwana a ƙarƙashi. Babu wadda ta kai rabin shekarun motar Baffa. Wasu ko shekara 6 ba su yi ba.

Na san tarihin ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe, don ta gabana fayil ɗinta ya wuce. Batir ne ya mutu, sai famfon mai ya biyo baya. Direban ya rubuta takarda. Takardar ta hau sama ta sauko, an ce babu kuɗi a wannan zangon. Aka tura motar ƙarƙashin bishiya. Damina ta zo, ganye ya toshe magudanai, ruwa ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin kafet. Ɓera ya cinye wayoyi. Wata rana aka wayi gari babu madubi, bayan nan babu tayu biyu, bayan nan babu lagireto. Da aka cika shekara biyu sai aka kafa kwamiti ya duba ta, kwamiti ya ce gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, aka sa ta a jerin gwanjo. Wanda ya saye ta ba baƙo ba ne a gidan. Bayan wata uku na gan ta a gari da sabon fenti tana gudu kamar ba ita ba. A kasafin kuɗin shekarar da ta biyo kuma aka sa sayen sabuwa.

Ku lura, babu wanda ya fasa sito da dare a labarin nan. Komai da takarda, komai da sa hannu. Kuma dalilin da ya sa haka take faruwa ba boyayye ba ne. Sayen sabuwar mota kwangila ce, akwai kamasho, akwai bikin miƙa makulli, akwai hoto a jarida. Canza baƙin mai da buɗe ramin ƙofa da tsinke babu ko ɗaya a cikin waɗannan. Babu wanda aka taɓa ƙara wa girma don motar ofishinsa ta shekara 15 tana aiki. Babu kuma wanda na taɓa ji an cire masa ko sisi a albashi don ta mutu a hannunsa a shekara 4. In tsari ya saka wa mai saye ya manta da mai gyara, me kuke tsammani zai haifa?

Ba haka aka faro ba. Baffa ya sha ba ni labarin yadda suka yi aiki a shekarun 1970 da 1980. Direba yakan zo kafin ogansa da awa guda, ya wanke mota, ya duba ruwa da mai da iskar taya. Kowace mota tana da littafinta, ana rubuta inda ta je, da mil nawa ta ci, da man da ta sha, da ranar da aka yi mata sabis. Akwai garejin ma'aikatar ayyuka, da makanikai masu albashi, in lokacin sabis ya yi ba sai an roƙi kowa ba. In ka dawo da mota da ƙuje, sai ka yi bayani a rubuce. Har yau Baffa yana da littafi irin wannan na Marsandinsa, ɗan littafin makaranta mai layi, ranar da muka shafa kaki ma tana ciki. Lokacin kuwa, a mulkin soja na Obasanjo, Fijo 504 ce motar hukuma har ga manya, kuma a Kaduna ake haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Akwai masu haɗa manyan motoci a Kano da Bauchi. Ban ce zamanin aljanna ne ba, an yi ɓarna a lokacin ma. Amma akwai wanda za a tambaya in mota ta lalace, kuma ya san za a tambaye shi.

Daga 2003, da gwamnatin tarayya ta shigo da tsarin mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi, an ce an yi ne don a rage kashe kuɗi a kan motocin hukuma. Direbobi da yawa suka rasa aiki. Ku gaya mini, ayarin motocin manya ya ragu tun daga lokacin ko ƙaruwa ya yi? Mun sallami masu kula da mota, mun ci gaba da sayen mota.

A watan Oktoba na 2023, watanni kaɗan bayan an ce wa talaka ya ɗaure ciki, Majalisar Tarayya ta saya wa mambobinta jif-jif na ƙasar waje, 'yan majalisar wakilai 360, sanatoci 109. Jaridu sun ruwaito cewa kowace ɗaya ta kai kusan naira miliyan 160. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ɗauki kalkuleta ka raba, za ka ga ma'aikaci mai wannan albashin sai ya yi sama da shekara 440 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin guda ɗaya. Da aka tambaye su, ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar ita ce titunanmu ba su da kyau. Wato titin da ba a gyara ba shi ne dalilin sayen motar da ba za a gyara ba. Kuma kowace majalisa ta zo sai ta sayi nata. Ina waɗanda aka saya wa ta baya? Wa ya taɓa nuna mana littafinsu?

Ciwon bai tsaya a mota ba. Janareton asibiti, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, rufin aji, fitilun titi, duk labarin motar nan ta ƙarƙashin bishiya ne aka canza wa suna. Har ta kai a watan Afrilu na 2022 sai da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni na musamman, mai lamba 11, don kawai a riƙa kula da gine-ginen gwamnati. Ƙasar da sai shugabanta ya ba da umarni a rubuce kafin a toshe yoyon rufi, ai ta san ciwonta.

Amma kada mu ɗora komai a kan gwamnati mu koma gefe, don daga cikinmu ma'aikatan suka fito. Mu ne muke cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Mu ne muke yi wa mai tsohuwar mota dariya, mu tashi tsaye in mai sabuwa ya shigo, ba mu tambaya ina ya samu. In mutum ya shekara 10 da mota ɗaya sai a fara cewa ko karayar arziki ce. Dubi abin da ya faru da ni. Da a jikin sabuwar jif mai leda a kujera aka ɗauke ni hoto, rabin masu zagin nan Allah Ya sanya alheri za su rubuta. Abin da ya ba su haushi shi ne ganin babban mutum ya durƙusa yana goge tsohon abu da hannunsa. A wurinmu gyara aikin yara ne da marasa galihu, saye shi ne girma. Shi ya sa ko a wurin wankin mota, kana zaune kana danna waya yaro yana wanke maka da bokiti ɗaya da soson da ya faɗi ƙasa sau uku, ba ka koya masa ba, shi ma ba wanda ya koya masa, sai bayan shekara ka ce fentin yanzu ba shi da kyau. Yaran nan neman halal suke yi, kuma da za a nuna musu abin da na lissafa a sama, da sana'arsu ta ƙara daraja.

Wasu ƙasashen da ba su fi mu kuɗi ba sun gane wannan tuni. A Kuba, motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo har yau, saboda takunkumi ya tilasta musu koyon gyara, kuma yanzu baƙi suna biyan kuɗi don a zaga da su a ciki. A Maroko, tsofaffin Marsandi na shekarun 1970 da 1980 sun shafe shekaru da dama suna aikin tasi tsakanin garuruwa. Mu kuwa tsohuwar motar da muka adana kowa ya san da ita, ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, tana gidan tarihi a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Fijo nawa aka haɗa a Kaduna? Je ka nemo guda ɗaya mai lafiya da za ka nuna wa ɗanka ka ce wannan a ƙasarmu aka yi ta. Yawancinsu an auna su a sikeli an sayar da kilo.

Na san akwai masu tara tsofaffin motoci don alfahari, su jera goma a gareji maƙwabcinsu bai ci abinci ba. Ba su nake karewa ba. Na kuma san ana cikin wahala, ni ma albashina ranar 15 ga wata yake yi mini sallama. Amma wahalar ce ma ta sa ya kamata mu girmama mai gyara. Da canjin dala ya tashi, wa zai iya sayen sabuwar mota, ko sabon firji, ko sabon injin markaɗe? Abin da ke hannunka shi ne naka, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yunwa ba ta zo mana don wani dattijo ya shafa wa motarsa kaki ba. Wani ɓangare nata ya zo ne don kuɗin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta, shekara da shekaru, yana tafiya wajen sake sayen abin da aka riga aka saya aka bari ya ruɓe.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma ba ya buƙatar taro a otal. A dawo da littafin mota ga kowace motar hukuma, a rubuta sunan jami'in da take hannunsa. Kada a amince wa ma'aikata sayen sabuwa sai ta nuna inda tsofaffin suke da abin da ya same su. A saki kuɗin gyara a kan lokaci, don batir ɗin da aka ƙi saye yau shi ne motar da za a saya baɗi. In za a yi gwanjo a sanar a fili, a hana 'yan kwamiti da danginsu saye. Ku kuma masu waya, tun da kun iya ɗaukar hoto, ku zaga bayan sakatariyar ƙaramar hukumarku da asibitin garinku, ku ɗauko abin da ke kan bulo, ku sa a nan, ku tambayi yaushe aka saya da nawa. Wallahi ni zan fara yaɗa muku.

Shi kuma wanda ya ɗauke ni hoto, na gano ko waye, yaron unguwa ne, na san mahaifinsa. Ban riƙe shi a rai ba, kuma ina roƙon kada kowa ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan. Amma ya je ya ba Baffa haƙuri, don shi aka ɓata wa rai. Mota kuma ba za a sayar ba, na gaya wa Baffa haka jiya, ya yi shiru, can ya ce to ka tuna saura mako biyu a duba ruwan birki.

Asabar ta sama muna nan bayan sallar asuba in Allah Ya kai mu. Duk mai son koyo ya zo, akwai soso na biyu. Ya taho da jarkarsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke hannunmu, namu da na jama'a. Amin.